Gwangwani na Shida

Mahaifina ya yi ƙarya guda ɗaya a rayuwarsa da ya kasa haɗiyewa, shekara arba'in da ɗoriya tana tsaye masa a wuya. Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya rasa wanda zai ɗora wa nemo gaskiyarta sai ni. Ni ɗin nan da nake Dubai ina yanka motoci gida biyu a unguwar Ras Al Khor, ni da ko gaisuwar minti uku ba ma cikawa da shi a waya.

Sunana Salmanu, ɗan Malam Ɗalhatu Mai Majigi na Maraɗi. In kai ɗan yanzu ne ba ka san majigi ba, ba laifinka ba ne. Sinima ce da ake ɗorawa a bayan mota a bi ƙauyuka da ita. Da an yi magariba sai a ɗaure farin ƙyalle tsakanin itace biyu, a tada janareta, gari duka ya zauna a ƙasa. Amma hoto shi kaɗai ba ya aiki, sai da mai bayani, wanda zai tsaya gefen ƙyallen da lasifika yana gaya wa jama'a wane ne wannan, me ya ce, me ke cikin ransa. Wannan shi ne aikin Baba tun kafin a haife ni. Yawancin abin da suke nunawa na allurar shanu ne da feshin auduga, amma an ce ko fim ɗin gina masai Baba ya bayyana, sai tsofaffi sun riƙe ciki don dariya.

Wata shekara aka aiko musu daga Yamai da wani tsohon fim na Rashawa, na zamanin juyin juya halinsu, wanda ba murya a cikinsa ko kaɗan. Gwangwani shida ya zo a ciki, kowanne da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Labarin wani tsoho ne mai aikin juya layin dogo a bakin wata gada. Baba ya raɗa masa suna Maigemu, domin ƙa'idar aikin ke nan, ba a barin mutum a kan ƙyalle da sunan da jama'a ba za su iya kira ba. Maigemu yana da ɗa guda, Baba ya sa masa Nomau, sojan sarki suka kama shi suka sa masa kaki. Mutanen garin suka gaji da yunwa da bulala suka daina aiki, sai sarki ya ciko jirgin ƙasa da soja don a je a harbe su, kuma Nomau yana cikin jirgin. Gwangwani na biyar ya ƙare ne daidai inda Maigemu ya ɗora hannu a kan ƙarfen juya layi, hayaƙin jirgi ya ɓullo daga nesa. In ya bar layi yadda yake, gari ya mutu. In ya juya, Allah kaɗai ya san inda jirgin zai faɗa da ɗansa.

To a ƙauyen farko da suka nuna shi, aka ɗora gwangwani na shida, sai ga wani ƙaton bijimi a kan ƙyalle ana yi masa allura. Wani ya yi kuskure tun daga Yamai. Jama'a suka miƙe, wasu har sun fara neman duwatsu. Baba ya sa aka kashe fitilar majigin, ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a ku zauna, injin ne ya gaji. Amma ni na ga ƙarshen da idona." Ya ba su ƙarshen a cikin duhu: Maigemu ya juya ƙarfe, jirgi ya bi wani tsohon layi ya shiga daji ya tsaya, soja suka sauko suka zubar da bindigogi, Nomau ya rugo ya rungume ubansa. Mata suka yi guɗa. Daga ranar ba a sake buɗe gwangwani na shida ba, ƙauye bayan ƙauye haka yake yi har aka mayar da fim ɗin, kuma kowane wuri sai ya ce ya gani da idonsa.

Ni ban taɓa ganin fim ɗin ba, amma na haddace shi kamar karatun allo. Muna yara, in an gama cin tuwo sai mu ce, "Baba, Maigemu." Yana da wani ɗan guntun fim, tsawon yatsa, da ya yanke ya ajiye a akwatinsa. In ya yi rana mai daɗi yakan ba mu mu ɗaga shi ga hasken rana, sai ka ga tsohon nan da hularsa mai baki, hannunsa a kan ƙarfe. A cikin 'ya'yansa ni na ɗauko bakinsa, har Aku yake kirana, don in na fara surutu sai an toshe kunne.

Kuma shi ɗin ne ya ce in tafi. Wannan ba zan ɓoye ba, don na daɗe ina jin haushinsa a kai. Shekarar da damina ta gaza sau biyu a jere, gida cike da bakuna, idonsa ya fara rufewa, ya kira ni ya ce, "Aku, ka tashi ka tafi. In ka zauna duk mu lalace." Ko a tasha bai rako ni ba. Na tafi, gida ya tsaya da ƙafafunsa, ni kuwa shekara bakwai ke nan ban taka Maraɗi ba. Kowace shekara ina da dalili, yau biza, gobe aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce zuciya nake yi. Na ce tunda tura ni aka yi, sai a neme ni da baki, shi kuma bai taɓa cewa in dawo ba.

Aikina a nan ba mai bukatar baki ba ne. Alhaji Ɗanladi, wani ɗan kasuwar Kano, shi ne ubangidana. Yana sayen motocin da suka yi haɗari, mu yanka su, mu fidda injin da giya da ƙofofi, mu cusa a kwantena a kai tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali. Ƙarar injin yanka ba ta barin ka ji ko tarinka. Kwana kuwa a Sonapur nake, unguwar 'yan ƙwadago, ɗaki ɗaya mu takwas, 'yan Bangaladash biyar, 'yan Nepal biyu, sai ni. Mutanen kirki ne, ban taɓa samun matsala da su ba, amma duk zancenmu bai wuce 'yan kalmomin Larabci irin su yalla da khalas da shwaiya-shwaiya ba. Akwai ranar da na lura tun safe har na kwanta ban faɗi komai da Hausa ba sai salati, shi ma ba Hausa ba ne. Aku ke nan fa. Kaɗaici ya ci ni har na daina jin zafinsa, wanda ya fi muni.

Ƙanwata Mahfuza ce ke jinyar Baba. Wata Juma'a ta kira ni ta ce, "Yaya, Baba ba ya cin abinci sosai, kuma magana ɗaya yake ta maimaitawa. Bari in ba ka shi."

Na shirya jin "lafiya lau, ya aiki, to madalla" kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Salmanu, an ce garin nan da kake babu abin da babu."

"Haka ake faɗa, Baba."

"To ka nemo mini ƙarshen Maigemu. Na tsaya gaban mutanen da ban san iyakarsu ba na ce na gani da idona, alhali ban gani ba. Yawancinsu sun mutu, ba zan iya bin su in gyara ba. Amma ina so in san abin da ya faru da tsohon nan kafin in bi su. Ko na dace ko ban dace ba, in dai sani."

Na ce to. Na kashe waya na yi tsaki. Shekara bakwai mutum bai ce yana kewata ba, ranar da zai roƙe ni abu sai ya roƙi fim! Duk da haka na nema. Na rubuta a waya da Faransanci, tsoho, jirgin ƙasa, Rasha, fim marar magana, aka fito mini da tarkace iri-iri. Fim ɗin da ba ka san sunansa ba, ta ina za ka fara? Bayan mako biyu na haƙura, in Mahfuza ta tambaya sai in ce ana kan nema.

Sai wata ranar Laraba Alhaji Ɗanladi ya aike ni Al Quoz in ɗauko wasu fitilun mota a wani sito. A unguwar akwai wani layi da aka mai da tsofaffin sito-sito wuraren zane-zane da shan kofi, inda masu hali ke zuwa su kalli bango. Ina wucewa da kwali a kafaɗa sai na ga wata babbar takarda manne a ƙofa. Hula mai baki, gemu, hannu a kan ƙarfe. Wallahi kwalin ya kusa kuɓuce mini. Na ce da ƙarfi, a tsakiyar titi, "Maigemu! Kai ne a nan?" Mai gadin wurin, wani dogon ɗan Afirka ta Gabas, ya dube ni kamar rana ta taɓa mini kai. Da ɗan Turancina na gane za a nuna shi sau ɗaya tak, ranar Lahadi ƙarfe huɗu na yamma.

Lahadi na yi wanka na sa farar rigar da nake zuwa Juma'a da ita, na goge takalmi. Na gaya wa Mahfuza tun da safe ta zaunar da Baba a inuwa bayan azahar, ta cika wayarta da caji. Dabarata ita ce, tunda Baba ba ya gani, in zauna a ciki in riƙa gaya masa abin da ke kan ƙyalle yana ji kai tsaye. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai cewa akwai laifi a wannan ba. Fim ne marar magana. A iya sanina, fim marar magana dole wani ya yi masa magana, har ina tunanin ko su wa suka ɗauko su bayyana musu, da wane yare.

Ɗakin sanyi ƙalau, kujeru ja masu laushi, mutane ba su fi arba'in ba, kowa ya bar kujera ɗaya ko biyu tsakaninsa da na kusa da shi. Na zauna can gefe, kusa da wata tsohuwa Baturiya mai farin gashi da jaka a cinya. A gaba, ƙasan ƙyallen, wani siririn mutum ya zauna gaban abin kiɗan nan fiyano. Na duba ko'ina ban ga lasifika ba, ban ga mai bayani ba. Aka kashe fitila. Na sa abin ji a kunne na kira gida.

"Baba, an fara," na ce a hankali. "Ga dusar ƙanƙara, ga layin dogo. Ga Maigemu ya fito daga bukkarsa yana hura hannu."

"Akuyar fa?" in ji Baba.

"Wace akuya?"

"Duba hagu, ƙasa. Akwai akuya ɗaure a jikin bukka. Kullum da ita nake farawa, don mutanenmu ba su san jirgi ba amma sun san akuya."

Na duba, ga ta kuwa, tana tauna wani abu. Duk abin da Baba ya faɗa mana muna yara yana nan, har karkatacciyar tagar. Rubutu yakan fito a tsakani, da fassarar Turanci da Larabci a ƙasa, na ga sunayensu na gaskiya daban ne, masu wuyar faɗa. Ban kula su ba, ni dai Maigemu da Nomau na sani.

Da farko raɗa nake yi. Amma kunnen Baba ya yi nauyi, kuma shi mai sana'a ne, ba ya iya jin ana ɓata aiki ya yi shiru. "Kai, mi kake gunaguni haka? Buɗe bakinka, na bayan fili ba su jin ka." "Kada ka ce soja sun zo. Ka ce ga 'yan banzan nan sun iso." "Dakata, bar uwar Nomau ta yi kukanta tukuna, kada ka hau kanta da magana." Ni kuma ina gyarawa. Shekara bakwai rabon da mu yi zance mai tsawon haka da shi. Na ji harshena yana warwarewa, Hausar Maraɗin da 'yan Kano suka goge mini tana dawowa da kanta. Wani a gaba ya juyo ya ce shhh. Na ɗaga masa hannu alamar haƙuri, a raina ina cewa bawan Allah ai taimakonka nake yi. Wata ta sake juyowa. Tsohuwar da ke gefena dai kallona kawai take ta gefen ido.

Mai gadin nan ya zo ya sunkuya ya ce mini wani abu yana nuna waya. Na gyaɗa kai na rage murya. Na yi niyyar in ci gaba a hankali, Allah ya sani. Amma aka zo inda ake loda soja a jirgi, ga Nomau a bakin taga da bindiga tsakanin gwiwoyi, fuskarsa kamar ta yaron da aka tasa daga barci. Mai fiyano ya fara dukan abinsa da ƙarfi. Ga Maigemu yana gudu cikin ƙanƙara, ya faɗi, ya tashi, ya isa ga ƙarfen. Baba yana cewa a kunnena, "Yanzu ne, Aku, yanzu ne, ɗaga!" Ya kira ni Aku. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Jama'a, ga jirgi nan tafe!" na ce, da dukan muryar da Allah ya ba ni. "Ga ɗansa a ciki, ga gari a gaba! Maigemu, mi za ka yi? Maigemu!"

Mai fiyano har ya yi kuskuren yatsa. Kawuna arba'in suka juyo. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage ni ma, da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai gadi ya riƙe ni a gwiwar hannu, ba da wulaƙanci ba, ya bi da ni ta gefe. Ina waiwaye ina cewa minti biyar, don Allah, minti biyar, da Faransanci da Larabci da duk abin da ya zo bakina. Abu na ƙarshe da na gani shi ne hannun tsohon a kan ƙarfe da hayaƙi daga nesa. Daidai inda gwangwani na biyar ya tsaya, nan aka rufe mini ƙofa.

Waje zafi ya mare ni. Layin babu kowa, sai wata motar kaya can tana ja da baya tana ƙara. Na jingina da bangon kwano, ya ƙone ni, na matsa. Baba yana cewa, "To? Ya juya? Salmanu, ya juya?"

Me zan ce masa? In ce ɗanka ya zo har bakin abin da ka jira shekara arba'in, aka kore shi saboda ƙauyanci? Sai na ce, "Ya juya, Baba. Ga jirgi ya bi tsohon layi, ya shiga daji. Ya tsaya. Soja suna saukowa, suna zubar da bindigogi. Ga Nomau ya rugo..."

Na ci gaba har rungumar. Na ma ƙara da hawaye a gemun tsohon. Da na gama sai na ji kukan kaji a tsakar gidanmu.

"Kiɗan ya ɗauke tun ɗazu," in ji Baba. "Mota nake ji."

Bai tsaya nan ba, ya ci gaba.

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Kuma wannan ƙarshen nawa ne, har inda nake jan numfashi ka ja. Ni na aike ka ka sauke mini kaya, kai kuma ka je ka ɗauki irinsa ka ɗora wa kanka. Sun fitar da kai ko?"

"Sun fitar da ni, Baba."

"Don ka yi magana?"

"Don na yi magana."

"To wa ke gaya musu abin da ke faruwa?"

"Babu kowa. Kowa shi kaɗai yake kallo, ya yi shiru."

Sai ya ce, "Kai, a nan kake zaune shekara bakwai?" Tari ya sarƙe shi, na ji Mahfuza ta karɓi wayar tana cewa, "Yaya, bari ya sha ruwa," ta kashe.

Na zauna a kan dakalin siminti na yi kuka, ƙato da ni, da farar rigar Juma'a. Kunya ce, da haushin kaina, da wani abu da ya fi su duka, wato na ji daɗin minti sittin ɗin nan fiye da duk abin da na ji a garin nan, kuma na ɓata shi da hannuna. Na yanke shawarar ba zan tashi ba sai na ji gaskiya daga bakin wanda ya gani.

Da aka buɗe ƙofa suka fito ɗaya-ɗaya, kowa ido a kan waya. Na tari mutum biyu, na farko ya girgiza kai ya wuce, na biyu ya ɗauka bara nake yi. Sai ga tsohuwar nan ta fito a ƙarshe, ta tsaya a inuwa tana neman wani abu a jaka. Ita ta fara yi mini magana. Ta nuna kunnenta, ta nuna wayata, ta ɗaga gira. Na ce, "Papa." Na rufe idona da tafin hannu don ta gane ba ya gani. Ta ce, "Aa," ta dafa ƙirji. Ashe Barashiya ce, jikokinta take raino a garin nan. Turancinta bai fi nawa ba, amma da hannu da fuska da 'yan kalmomi ta ba ni gwangwani na shida a tsaye a bakin titi. Na sa ta maimaita wuri ɗaya sau biyu don kada in sake kai wa Baba abin da ba shi ba. Da ta gama ta matse hannuna ta shiga tasi.

Na sake kiran gida. Mahfuza ta ce ya ƙi kwanciya, yana nan zaune.

"Baba, ban gani da idona ba," na fara. "Wata tsohuwa ce da ta gani ta faɗa mini."

"Madalla. Haka ake farawa. Ci gaba."

"Ya juya ƙarfen. Nan ka dace."

"Alhamdu lillahi."

"Amma tsohon layin ba daji ya nufa ba. Ya ƙare ne a bakin kogi, inda tsohuwar gada ta karye. Jirgin ya faɗa ruwa da duk wanda ke ciki. Nomau bai fito ba."

Na ji numfashinsa a wayar. Ya ce, "Gari fa?"

"Gari ya tsira. Suka fito da tutoci suna murna, suna ɗaga juna sama, aka buɗe rumbunan sarki kowa ya sami abinci. Ba wanda ya san wa ya juya ƙarfen, don haka ba wanda ya je wurinsa. Abu na ƙarshe da aka nuna shi ne Maigemu zaune a ƙofar bukkarsa, shi da akuyar. Ya juya fuskarsa wajen da layin ya fito. Jirgi ya zo ya wuce, ya miƙe yana duba tagogi, ya koma ya zauna. Wani ya sake zuwa, ya sake miƙewa. Tsohuwar ta ce bai..."

"Bar nan," in ji Baba.

"Saura kaɗan, Baba, so nake in bayyana maka abin da ke ransa, don..."

"Na ce bar nan, Aku. Wannan wurin ba ya son mai bayani. Na san shi."

Na tsaya riƙe da waya a layin nan da babu kowa, ina ganin zauren gidanmu da tabarmarsa da ƙofar da ke kallon hanyar tasha. Shekara bakwai ina jira ya ce in dawo. Ban taɓa tambayar kaina da wane baki mutumin da ya juya ƙarfen da hannunsa zai faɗi haka ba.

"Baba," na ce, "gobe zan yi wa Alhaji maganar hutu."

"Kada ka ce abin da ba ka gani ba," in ji shi. "In ka iso, na ji takunka."

Mahfuza ta karɓi wayar. Na ji tana jan hanci, tana cewa ya ce a kawo masa fura. Na naɗe abin jin na sa a aljihu tare da guntun tikitin sinimar, na bi gefen inuwa zuwa inda bas ɗin Sonapur ke tsayawa.